Shekarar Da Aka Hana Kowa Kofi

Jama'a, rigimar 'yan kallo ba yau ta fara ba. Ku ji abin da ya sami kulob ɗin Celtic na birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan, wanda baƙi 'yan ci-rani daga Ailan suka kafa don ciyar da matalautansu.

A watan Afirilu na 1909 Celtic ta kara da Rangers a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, aka tashi 2-2. Ran 17 ga wata aka sake, aka kuma yi kunnen doki, 1-1. Mutane wajen 60,000 suka tsaya jiran ƙarin lokaci, ashe doka ba ta yarda ba. Sai zargi ya tashi, wai an haɗa baki ne don a sake karɓar kuɗin ƙofa. Nan da nan suka afka filin Hampden, suka tumɓuke raga, suka cinna wa rumfunan tikiti wuta. Hukuma ta riƙe kofinta.

Celtic dai ba ta karaya ba. Ta yi wasa 8 cikin kwana 12, ta zama zakaran ƙasa, ta ɗara Dundee da maki ɗaya tak.