Wargaza iskar gas mai fulorin da filazma mai sanyi

Wargaza iskar gas mai fulorin da filazma mai sanyi wata hanya ce ta kimiyya da ake amfani da wutar lantarki tare da sinadari mai hanzarta aiki, wato katalis, domin rusa ƙwayoyin gas masu ɗauke da fulorin kafin su shiga sararin samaniya. Irin waɗannan gas sun haɗa da SF₆, CF₄, NF₃ da kuma dangin HFC da ake zubawa a firij da na'urar sanyaya ɗaki.

Dalili

Waɗannan gas suna riƙe zafi fiye da CO₂ nesa ba kusa ba. Rahoto na biyar na kwamitin IPCC ya nuna cewa kilo ɗaya na SF₆ yana ɗumama duniya kamar kilo 23,500 na CO₂ a tsawon shekara 100, kuma yakan daɗe kimanin shekara 3,200 a sama. CF₄ kuwa yakan kai shekara 50,000. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta sanya HFC da PFC da SF₆ cikin jerin gas da ake son ragewa. Haɗin fulorin da kabon ko da sulfa yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ƙona CF₄ yake buƙatar zafi sama da digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyas.

Yadda take aiki

Filazma gas ce da wasu ƙwayoyinta suka rabu da ilaktiron ɗinsu. Irving Langmuir ne ya raɗa mata wannan suna a 1928. A filazma mai sanyi, ilaktiron ne kaɗai ke samun kuzari mai yawa, sauran gas ɗin kuma ba ya yin zafi sosai. Na'urar da aka fi amfani da ita bututu ne mai bangon gilashi ko tangaran tsakanin ƙarafa biyu masu ɗauke da lantarki mai ƙarfi, tsarin da ya samo asali daga bututun da Werner von Siemens ya ƙera a 1857 don samar da ozon.

Ilaktiron masu gudu suna karo da ƙwayoyin gas, su tsinke haɗinsu. Matsalar ita ce gutsattsarin na iya sake haɗewa. Domin hana haka ake cika bututun da ƙwallayen katalis, galibi alumina, waɗanda ke kama fulorin a jikinsu. Ana kuma ƙara tururin ruwa, ta yadda CF₄ zai koma CO₂ da HF. Da yake HF guba ce mai cin ƙarfe da fata, sai a bi da ita ta cikin ruwa mai kalsiyam, ta zama daskararren CaF₂.

Ƙalubale

Alumina takan rikiɗe zuwa AlF₃ a hankali, aikinta ya ragu. SF₆ yana haɗiye ilaktiron, don haka sai an sirka shi da agon ko naitirojin. Idan aikin bai kammala ba, akan samu ragowa masu guba irin su SO₂F₂. Hanyar tana cin lantarki, kuma yawancin aikin filazma mai sanyi da katalis har yanzu yana matakin ɗakin bincike.

A Najeriya

Najeriya ta amince da Gyaran Kigali na 2016 a shekarar 2018, wanda ya ɗora mata rage amfani da HFC da kashi 80 cikin 100 zuwa 2045. A Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna akwai hanyoyi biyu da irin wannan gas ke shafar jama'a. Na farko ita ce R-134a da ke cikin firij da na'urar sanyaya mota, wadda masu gyara a garuruwa irin su Rigachikun, a kan titin Kaduna zuwa Zariya, suke aiki da ita. Na biyu shi ne SF₆, wanda aka saba zubawa cikin na'urorin katse wuta a manyan tashoshin lantarki masu ƙarfin kilobolt 330, ajin da tashar Mando ta kamfanin TCN take ciki.

Filazma ba ta iya tace gas ɗin da ya riga ya watse a iska. Sai an fara zuƙe shi cikin tukunyar gas lokacin gyara, maimakon sakin sa, sannan a sake amfani da shi ko a kai shi wurin wargazawa.