Shin Ko Kun San? Safar da ke Tsare Matafiyi daga Gudan Jini

Shin ko kun san cewa zuciya ba ta iya dawo da jinin ƙafa ita kaɗai? Tsokar sha-raɓa ce ke taya ta. Duk takun da mutum ya yi, tsokar na matse jijiyoyi ta tura jini sama. Idan aka naɗe ƙafa a kujerar jirgi aka daɗe ba motsi, jinin sai ya kwanta, kuma jinin da ya kwanta yana iya dunƙulewa ya zama guda.

Ko kun san gudan na iya ɓallewa ya bi jijiya har huhu ya toshe ta? Nan ne abin ke iya zama ajali.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin samun gudan kusan sau biyu, ko da yake bai wuce mutum 1 cikin kusan 6,000 ba. Maniyyatanmu su lura, daga Kano zuwa Jidda ya kai wannan tsawon.

A nan ne safar matsi ke taimakawa, kuma ba kamar ta kasuwa ba ce. Ta fi kamewa a idon sawu, tana sassautawa yayin da ta doshi gwiwa, don haka jini ba ya samun wurin taruwa a ƙasa. Wani nazari na cibiyar Cochrane ya duba fasinjoji 2,637. An samu guda marar alama a ƙafar mutum 50, kuma 3 ne kawai cikinsu suka sa safar. A ganina wannan ya isa hujja ga mai ciki, da mai ƙiba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun gudan, su sa ta.

Amma a auna ƙafa kafin a saya. Kada a naɗe bakin safar ƙasa, domin sai ta ɗaure ƙafar kamar igiya. Mai ciwon suga da ƙafarsa ke dindiris, ko mai toshewar jijiyoyin ƙafa, ya fara jin ta bakin likita.

Safa ba ta hana a tashi a zaga, a riƙa juya idon sawu, a sha ruwa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko da makonni bayan an sauka ne, a garzaya asibiti.