Mai Taɓin Hankali Tsakanin Boka Da Likita

Idan saurayi ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya daina barci yana cewa ana bin sa za a kashe shi, sunan da iyayensa suka ba ciwon shi ke nuna inda za a fara kai shi. A ƙasar Hausa akan ce iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi masa, sai a nufi wajen malam don ruƙiyya, wasu kuma wajen ƴan bori. Ƙabilar Lebu ta Senegal kan ce rab ne, wato aljanin zuri'a, ya ga an yi watsi da shi, sai a shirya masa bikin ndep na kwanaki, da kiɗa da yanka. Likita kuwa zai ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ya rubuta magani.

Tun a 1954 wani likita Bayarabe, Thomas Adeoye Lambo, ya ƙi yarda a ce dole iyali su zaɓi ɗaya. A Aro, kusa da Abeokuta a Najeriya, ya sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa, galibi uwa ko gwaggo, mai dafa masa abinci da wanke masa tufafi. Da safe su je shan magani, da yamma su koma cikin jama'a. Har bokayen wurin ya jawo cikin aikin, don ya san mutane ba za su bar su ba. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS.

Bafaranshe Henri Collomb, wanda ya isa asibitin Fann na Dakar a 1959, shi ma ya bi irin wannan hanya, inda ɗan rakiya kan kwana tare da majinyaci.

To amma fa kada mai karatu ya ɗauka komai na gargajiya alheri ne. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da mari ko sarƙa a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren addu'a da na bokaye. A ganina mafi yawan iyayen da ke yin haka ba mugunta ce ke sa su ba: asibiti na da nisa, magani na da tsada, ga tsoron kada yaro ya shiga duniya. Sai dai mari bai taɓa warkar da kowa ba, rauni kawai yake bari a ƙafa.

A wannan shekara ta 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi. An haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da bokaye da masu addu'a. Ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa inda majinyaci yake kwance, ya duba shi, ya ba da magani, shi kuma mai wurin ya ci gaba da nasa aikin. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.