Gyaran Tsofaffin Na'urorin Faifan CD a Karkarar Makoɗa

Kamfanonin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗa kai suka ƙirƙiro faifan CD mai faɗin santimita 12, kuma a watan Oktoba na 1982 Sony ya fitar da CDP-101, na'urar farko da aka sa a kasuwa don kunna shi. Zamanin faifai ya riski ƙasar Kano ne bayan kaset ya daɗe yana cin kasuwarsa, sa'an nan wayar hannu da memori suka ture shi gefe. Duk da haka a Ƙaramar Hukumar Makoɗa, wadda hedikwatarta ke Koguna, akwai gidaje da makarantun Islamiyya da ke ajiye da faifan tafsiri da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin makaɗan gargajiya, kuma ba kowanne ake samu a intanet ba. Yawancin na'urorin da ke karkara masu araha ne, amma jefi-jefi akan ci karo da masu tsada, irin na Marantz ko Denon, waɗanda suka shigo cikin kayan gwanjo na Turai.

Na'urar ba ta taɓa faifan da allura kamar garmaho. Wani ɗan haske mai suna leza, wanda ido ba ya iya gani sosai, shi ke bin ƙananan ramukan da ke jikin faifan daga tsakiya zuwa gefe, yayin da faifan ke juyawa tsakanin sau 200 zuwa 500 a minti, sannan wani guntun kayan lantarki ya mayar da lambobin da aka karanto su zama sauti. Sashen da ke ɗauke da lezar da gilashinta shi masu gyara ke kira ido, kuma nan ne ciwon ya fi yawa a arewacin Kano, domin ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa har ya kasa karatu. Zafin bazara kuma yana cinye robar bel ɗin da ke fitar da farantin faifai, yana busar da ruwan da ke cikin kafasita, wato ƙananan gwangwanayen da ke adana wuta suna tace ta, waɗanda masana lantarki suka ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage tsawon rayuwarsu da rabi.

Wahala ta gaske tana cikin na'urar da aka riga aka sauya wa ciki. A Turai da Amurka masu sha'awar sauti sukan biya a canza musu kafasita da agogon lantarkin da ke daidaita lokacin karatu, musamman a na'urorin da ke ɗauke da guntun TDA1541 na Philips mai mayar da lambobi su zama sauti, wanda har yau ake nemansa. Idan irin wannan na'ura ta iso nan sai a ƙara mata wani sauyin na larura: wadda aka yi wa wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120 a canza mata tiransifoma don ta ɗauki 230 na Nijeriya, wata kuma a karkatar da ita ta koma cin batirin mota ko sola saboda rashin tsayayyar wuta. Ta haka zanen da kamfani ya buga na hanyoyin wayoyinta ya daina dacewa da abin da ke ciki, mai gyara ya zama kamar likitan da aka kawo wa marar lafiya ba tare da katin asibiti ba. Saboda haka wajibi ne mai kayan ya faɗi duk wanda ya taɓa buɗe ta da abin da ya canza, kuma ya nemi a ɗauki hoton cikin da waya kafin a sa dalma.

Akwai wata gaggawa da ta halaka na'urori masu yawa. A jikin idon akwai ɗan mamurɗi da ke ƙara ƙarfin leza, kuma idan aka murɗa shi na'urar takan farfaɗo nan take, mai ita ya tafi yana murna, amma lezar da aka matsa wa ba ta daɗewa take ƙonewa. Mai gyara nagari yakan fara da goge gilashin a hankali, ya canza bel, ya sa man shafawa a sandunan da idon ke tafiya a kai, ya auna wuta da mita, kuma sai duk wannan ya gaza yake maganar sabon ido. Shi ma sabon yana zuwa da ɗigon dalma da aka sa don kare shi a hanya, wanda idan ba a narkar da shi ba ba zai yi aiki ba, har a zargi mai shago da sayar da jabu.

Mai gyaran rediyo a Koguna ko Dambatta yana iya yin yawancin wannan aiki, amma neman ido sai an shiga Kano, musamman kasuwar Sabon Gari. Nau'in KSS-213 na Sony, da aka sa a na'urori masu yawa, ana samun kwaikwayonsa cikin sauƙi, yayin da tsofaffin nau'o'in Philips aka daina ƙera su tuntuni, sai dai a ciro daga wata matacciyar na'ura irinta. Wanda ya samu tasa ta tashi, abin da ya fi dacewa shi ne ya kwashe abin da ke cikin faifansa zuwa kwamfuta ko memori tun tana karatu.