Tsohon Soja da Shayin Tsakar Dare

Akwai wani dattijo a layinmu a Gyallesu, tsohon soja ne, har Laberiya ya je da rundunar ECOMOG a shekarun 1990. Bayan ya ci tuwon dare, sai ka gan shi wajen sha ɗaya a teburin mai shayi: madara har bakin kofi, sukari cokali huɗu, burodi da ƙwai. Na taɓa ce masa, "Baba, tuwon bai isa ba ne?" Ya ce, "Ya isa, ɗana. In ciki bai yi nauyi ba, ido ba ya rufuwa."

Zariya garin soja ce. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo, kuma 'yan mazan jiya da yawa a nan suka zauna bayan ritaya. Irin wannan cin ba baƙo ba ne a gidajensu, sai dai iyali kan ɗauke shi kwaɗayin tsufa.

A ƙwaƙwalwa abin yake farawa. Idan mutum ya firgita, wani ɗan sashe a gindinta yakan aika saƙo har zuwa wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin kotisol. A fagen daga wannan alheri ne, domin yana zuba sukari cikin jini don gudu ko faɗa. Matsalar ita ce wanda ya dawo gida amma jikinsa bai yarda an daina yaƙi ba: ƙarar fashewar taya ta zaburar da shi, mafarki ya tashe shi cikin gumi. Damuwar da ta daɗe tana sa rai ya biya zaƙi da maiƙo, su kuma suna sa ƙwaƙwalwa ta saki dofamin, hankali ya ɗan kwanta. Ƙwaƙwalwa ba ta manta inda ta sami sauƙi. Gobe can za ta koma. Rashin barci yana ƙara girelin, sinadarin da ke kiran yunwa, sannan sashen goshi na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne birkin sha'awa, ya yi sanyi.

Motsa jiki yana taɓa waɗannan wurare. Bayan gumi mai kyau girelin yakan sauka na ɗan lokaci, wanda ya lazimta kuma barcinsa yakan gyaru, birkin ya ƙara kamawa. A 2022 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ba da rahoton wani sinadari, Lac-Phe, da ke ƙaruwa a jinin mutum da na dokin sukuwa bayan gudu. Da aka ba ɓeraye masu ƙiba sinadarin, cinsu ya ragu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, jikin da ya shekara talatin yana gudun asuba cikin ayari, rana ɗaya aka sallame shi zuwa benci. Amurka tana da shirin MOVE! na rage ƙibar tsofaffin sojojinta tun 2006. Mu kuwa sai 15 ga Janairu muke tunawa da namu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na tafiya da sauri a mako sun wadatar. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita, wanda mafarki ya addaba kuma ya je asibitin Shika, domin tafiya kaɗai ba za ta raba shi da mafarkin ba. Baba dai ya soma fita bayan sallar asuba da abokansa biyu, daga Gyallesu zuwa Kongo su dawo, suna ƙirga taku kamar a fareti.