Shirin Musamman: Turjiya, Ƙarfin Da Ke Ɗumama Waya

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu tsaya kan kalma guda da masu gyaran wuta da malaman kimiyya ke yawan ambata, wato turjiya.

Duk lokacin da lantarki ya bi ta cikin waya, wayar ba ta ba shi hanya kyauta. Tana ɗan tirje masa, kamar yadda siririn bututu ke matse ruwa. Wannan tirjewar ita ake kira turjiya, kuma ana auna ta da ma'aunin da ake kira om. A jikin mitar mai gyaran wuta za ku ga alamarsa, harafin Girkanci mai kama da kofaton doki, ana ce masa omega.

Sunan ya samo asali daga Georg Simon Ohm, malamin lissafi ɗan Jamus da aka haifa a garin Erlangen a 1789. Yana koyarwa a birnin Kolon ya riƙa gwaji da wayoyi iri-iri, dogaye da gajeru, masu kauri da sirara. A 1827 ya fitar da littafin da ya bayyana ƙa'idarsa: idan ka raba ƙarfin tura wuta, wato bolt, da turjiya, za ka sami yawan wutar da ke gudana, wato amfiya. Da farko ba a karɓi aikinsa hannu bibbiyu ba, sai a 1841 ƙungiyar masanan Ingila ta Royal Society ta karrama shi da lambar Copley. Ya rasu a 1854, kuma a babban taron lantarki na birnin Paris a 1881 aka tabbatar da sunansa a kan ma'aunin.

[Gajeren kiɗa]

To me ke ƙara turjiya? Abu huɗu ne. Na farko irin ƙarfen: jan ƙarfe ya fi alminiyam sakin hanya. Na biyu tsawon waya, na uku sirantarta, na huɗu zafi, domin ƙarfe in ya ɗau zafi turjiyarsa ƙaruwa take.

Duk inda wuta ta ci karo da turjiya, zafi ne ke fitowa. Baturen Ingila James Joule ya nuna cewa in wutar da ke gudana ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Da wannan zafin dutsen guga ke aiki, da hitar dafa ruwa, da tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki. A nan turjiya alheri ce, da gangan aka sa ta. Kuma don a rage asarar da take jawowa a doguwar tafiya ne ake ɗauko wuta daga madatsar Kainji a kan bolt 330,000, domin in bolt ya yi sama, amfiya kaɗan ta wadatar.

Matsalar tana wurin da ba a nemi zafin ba. Siririyar waya mai araha da aka ɗora wa firji da hita da dutsen guga a soket ɗaya, ko haɗin da aka murɗa da hannu bai kamu da kyau ba, nan turjiya ke taruwa, roba ta narke, gobara ta tashi cikin dare.

Jikin ɗan Adam ma yana da tasa turjiyar. Busasshiyar fata tana iya kai om 100,000, amma jiƙaƙƙiya takan sauko kusan om 1,000. A kan bolt 230 na gidajenmu, wutar da za ta ratsa jiƙaƙƙiyar fata ta isa ta tsayar da zuciya.

Saboda haka, maigida, in za a ja maka wuta, ka tambayi kaurin wayar kafin ka tambayi kuɗinta. Uwargida, a tsane hannu kafin a taɓa soket. Idan kun ji fulogi ya yi zafi ko kun ji ƙaurin roba, ku kashe wuta ku kira gwani.

Nan za mu dakata. Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyoyinmu. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]