Cutar da ke ɗauke da sunan garinmu: Wa zai nazarce ta?

A kudancin jihar Borno, cikin ƙaramar hukumar Askira/Uba, akwai wani gari da ake kira Lassa. Ɗaliban likitanci a duk faɗin duniya sun san sunansa, saboda a can ne wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, ta kwanta rashin lafiya a farkon shekarar 1969. An garzaya da ita asibiti a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta ukunsu, Penny Pinneo, an ɗauke ta a jirgi zuwa Amurka, ta sha da ƙyar.

A Jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar daga jinin waɗannan mata. Masanin da ya jagoranci aikin, Jordi Casals, shi ma ya kamu, har aka yi masa ƙarin ruwan jinin Pinneo kafin ya tashi. A 1970 kuma likita Jeanette Troup ta rasu a Jos, bayan ta yanke a hannu tana binciken gawar wani majinyaci. Da irin wannan tsada aka san zazzaɓin Lassa.

Abin da ke damuna shi ne, fiye da shekara hamsin ke nan, amma da yawa daga cikinmu, har da masu ilimin boko, ba mu fahimci irin abokin gabar da muke fama da shi ba. Ƙwayar bairos daban take da bakteriya. Bakteriya halitta ce mai ci da hayayyafa da kanta, shi ya sa magungunan antibayotik ke samun inda za su doke ta. Bairos kuwa ɗan ƙunshin bayanan gado ne a cikin kwanson furotin, ba ya iya haihuwa sai ya kutsa cikin tantanin jikin mutum ko dabba ko tsiro, ya mayar da shi masana'antar buga irinsa. Ƙanƙantarsa ta kai a 1892 masanin Rasha Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, amma cutar ta wuce. Ba a ga siffar bairos ba sai da aka samu madubin ƙara girma mai aiki da lantarki a shekarun 1930.

Wannan bambanci yana da alaƙa da rai da mutuwa. Zazzaɓin Lassa yakan fara kamar zazzaɓin cizon sauro: jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, gaɓoɓi su mutu. Sai mutum ya nufi kemis ya sayi maganin maleriya, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ne, a ɗora shi kan antibayotik da ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Kafin a farga kwanaki sun shuɗe, alhali ribavirin, maganin da ake ba masu Lassa, an fi sa ran amfaninsa idan an fara shi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa nuna wata alama mai tsanani, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kusan kashi 15 ke rasuwa, wasu da suka warke kuma ta bar su da kurumta. Har yau babu allurar rigakafinta da aka amince da ita.

Mazaunin ƙwayar shi ne wani ɓera mai yawan nonuwa da ake kira Mastomys, wanda aka gano rawarsa a Saliyo a farkon shekarun 1970. Yana yaɗa ta ta fitsari da kashinsa, shi kuma ba ta yi masa illa. Duk wanda ya san rumbunanmu, da yadda muke shanya hatsi da garin rogo a bakin titi, da kwanon tuwo da ke kwana a buɗe, ya san inda bango ya tsage. Cutar ta fi ƙamari da rani, kuma Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ta fi addaba, tare da Ondo da Edo. A Kano ma, a Janairun 2020, ta yi sanadin rasuwar likitoci.

Ba na cikin masu cewa ƙasar nan ba ta taɓuka komai ba. Asibitin Irrua a jihar Edo ya zama cibiyar gwaji da jinyar Lassa. A Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ayarin Farfesa Christian Happi ne ya fara karanta bayanan gadon ƙwayar korona a nahiyar Afirka a Maris na 2020. Farfesa Oyewale Tomori ya shafe rayuwarsa a wannan fanni. Tambayata ita ce, ina namu a Arewa? Iyaye na burin ɗansu ya zama likita mai duba marasa lafiya, amma kaɗan ne ke alfahari da wanda zai ƙare shekaru a ɗakin bincike. Jami'o'inmu na yaye ɗaliban ilimin ƙananan halittu duk shekara, da yawansu kuma su ƙare a sana'ar da ba ta da alaƙa da karatunsu, don babu kayan aiki, babu kuɗin bincike.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai bi ɓera daga rumbu zuwa madafa, ya zauna da mata a tsakar gida ya yi musu bayani da harshensu, ya fahimci dalilin da ya sa dangi ke ƙin bari a killace majinyacinsu, dole ya fito daga cikinmu. Ina kira ga gwamnonin Arewa da su ware gurbin karo karatu na musamman ga masu nazarin bairos, su kuma tanadi ɗakunan gwaji da za su ci gaba da aiki ko bayan annoba ta lafa. Attajiranmu da ke gina asibitoci su tuna cewa ɗaukar nauyin mai bincike ma sadaka ce mai gudana. Ɗalibi kuma da ke neman fannin da al'ummarsa ke bukata, ga shi a ƙofar gida.